Tsutsa ta ƙi jin magani a masarata, me kuke fesawa bana?

Baban Walida, Giwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da damina. Shawara nake nema da gaggawa. Masarata ta kai gwiwa, na gama zuba mata yuriya ke nan sai ga tsutsa. Ganye duk huji, in ka leƙa cikin zuciyar masarar sai ka tarar da kashinta tuli kamar garin katako. Na fesa maganin ƙwarin nan lamda, na maimaita, ko gezau. Wa ya gwada abin da ya yi masa aiki bana?

Malamin Gona, Maigana: Wa alaikumus salam. Kafin maganar magani, je ka zaro guda ɗaya ka ɗora a tafin hannu. Dubi goshinta, akwai farin zane irin harafin Y da aka kifa? Dubi wajen wutsiya, akwai baƙaƙen ɗigo huɗu, biyu sama biyu ƙasa? Sannan ka faɗa mana girmanta da lokacin da kake feshin.

Baban Walida, Giwa: Duka biyun akwai, Malam. Wasu sun kusa kai ƙaramin yatsana tsawo. Feshi kuma yaran da nake ɗauka da hantsi suke zuwa, su tashi da azahar.

Malamin Gona, Maigana: To, ita ce baƙuwar tsutsar nan, fall armyworm, da ta shigo a 2016. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, kuma Najeriya na cikin wuraren da aka fara ganinta a Afirka. Abu uku ne suka haɗe maka. Na farko, ta riga ta girma, kuma babbar ba ta jin magani yadda ƙaramar ke ji. Na biyu, da rana ta ɗaga sai ta nutse can ƙasan zuciyar, ta toshe saman da kashinta, mai feshi ya yi ta wanke ganye ita tana kwance. Da yamma lis ko da sassafe take fitowa ci. Na uku, magungunan lamda da saifa an yi ta zabga mata su shekara da shekaru, a wurare da yawa ba sa yi mata kamar da.

Mai Shagon Magani, Zariya: Gaskiyar Malam. Alhaji, ka nemi wanda aka rubuta Emamectin Benzoate a jikinsa. Kamfanoni da yawa suna yin sa, kowa da sunan da ya sa, don haka kada ka riƙe sunan sama, ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. In aljihu da nauyi akwai Ampligo, ya fi tsada amma ya fi daɗewa a jikin shuka. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka kuma duba ko an taɓa buɗe murfin. Jabu ya yi yawa, musamman a hannun masu shimfiɗa a rana ranar kasuwa.

Ɗan Autan Soba: Ni dai abin da nake yi, in takarda ta ce murfi ɗaya sai in sa biyu, in haɗa da saifa da ɗan garin omo. Wallahi washegari sai dai ka ga gawarwaki.

Malamin Gona, Maigana: Ɗan Auta, don Allah kada ka koya wa mutane wannan. Waɗanda ka ga gawarsu da murfi ɗayan ma za su mutu in maganin ya same su. Na biyun asarar kuɗi ce, ga ƙona ganye, ga kashe tururuwa da zanzaro da gizo-gizo da ke taya ka cin ƙwan tsutsar da 'ya'yanta kyauta. Abin da ya kamata ka canza shi ne hannun mai feshin. Ya saita bakin injin a kan zuciyar kowace shuka, ya ɗan tsaya har ruwan ya gangara ciki. Yaron da ake biya bisa yawan tankin da ya juye ba zai yi maka haka ba sai kana tsaye a kansa.

Ɗan Autan Soba: Malam, ku 'yan boko komai sai an bi takarda. Na ji dai, zan gwada a rabin gonar mu gani.

Baba na Saminaka: Yarana, ku bar ni in sa baki. Gonar bayan gidana ba na kai mata injin feshi. Yashi mai laushi nake sa jikoki su tankaɗe, a haɗa da toka, kowace shuka a zuba mata ɗan tsunkule a zuciya. Wadda aka gani da ido a murje ta. Ƙwan ma ana ganinsa, dunƙule yake a jikin ganye da wani fari-farin gashi a kansa, yatsa biyu sun ishe shi. Amma ban ce mai hekta goma ya yi haka ba, sai dai in yana da jikoki ɗari.

Maman Sadiq, Kudan: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Mu mata a nan 'ya'yan dogon yaro muke tsinta tun da rani mu shanya mu ajiye. A ɓare, a daka kamar rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, da safe a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin inji, a ɗan kaɗa sabulu a ciki. Da yamma ake fesawa saboda rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya kashewa nan take, hana ta ci yake yi, kuma sai an riƙa maimaitawa duk mako. Irin wadda Baban Walida ya kwatanta kam ta wuce dogon yaro, kada in yaudare shi.

Baban Walida, Giwa: Na gode, Hajiya. Malam, to in na samu emamektin ɗin, shi ke nan in riƙe shi har kaka?

Malamin Gona, Maigana: A'a, kada ka yi masa abin da aka yi wa lamda. Ka yi da shi yanzu, in buƙata ta sake tasowa ka koma wani wanda sinadarinsa daban ne, ba suna kawai ba. Kuma ka sani za ta dawo, domin uwar, mai fukafukai ce, tana zuba ƙwai 100 zuwa 200 a dunƙule ɗaya, a dare guda tana iya tafiyar kilomita 100, sannan daga ƙwai zuwa sabuwar uwa kusan kwana 30 ne kacal in da zafi. Ko ka share taka tas, ta maƙwabci tana nan tafe.

Abin da na fi so kowa a zauren nan ya ɗauka shi ne zagayen gona. Tun masara na ganye uku ko huɗu ka riƙa shiga aƙalla sau ɗaya a mako. Kada ka tsaya a bakin hanya. Ka ratsa ta a karkace, ka tsaya wuri biyar, kowane wuri ka duba shuka 10. In cikin 50 ɗin nan ka samu kamar 10 da sabon ci, lokacin feshi ya yi. Sabon ci ba huji ba ne tukuna, kankare koren ganyen take yi ta bar wata fatar da haske ke ratsawa. A wannan matakin kusan duk maganin kirki yana kashe ta. In biyu ko uku ka samu, ka ajiye kuɗinka, ka murje su da hannu. Ka fi sa ido in ruwa ya ɗauke na kwanaki, domin ruwan sama mai ƙarfi yana kashe ƙananan da yawa, shi ya sa ta fi ɓarna a lokacin fari da kuma a masarar da aka shuka a makare.

Injiniya Manomi, Kaduna: Jama'a, me ya sa ba wanda ya ambaci masarar TELA? Cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar da ita a farkon 2024, iri huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T. An yi ta ne don ta kare kanta daga tsutsar kara da wannan baƙuwar, ga jure ƙarancin ruwa. Irin aikin da suka yi wa wake ne, SAMPEA 20-T na 2019, wanda ya rage feshin tsutsar fure da kwanso daga sau shida ko takwas zuwa kamar biyu.

Baba na Saminaka: Injiniya, ita ce wadda ake ta cece-kuce a rediyo cewa an taɓa halittarta? Ni tambayata ɗaya, in na noma zan iya ɗebe iri in ajiye na baɗi?

Injiniya Manomi, Kaduna: Ita ce, Baba, kuma hukumar da ke kula da irin waɗannan iri ta amince da ita. Masarar haibirid ce, kamar sauran haibirid da ake saya, in ka maimaita irin amfanin yana raguwa, sai dai ka sayi sabo. Waken kuwa ana ajiye irinsa.

Baba na Saminaka: To ku yara ku fara, ina kallo daga nan.

Malamin Gona, Maigana: Wanda ya shuka ta ma kada ya daina zagaye. Kuma masu waken su tuna ba ya hana ɗarɓa da ƙwarin da ke tsotse kwanso, feshi biyun nan saboda su ne.

Abban Hanifa, Ikara: Ku yi haƙuri in karkatar da zancen. Ni tsutsa ba ta dame ni kamar ciyawar wuta-wuta ba. Gonar gado ce, bara gefe guda dawar ko ƙugu ba ta kai ba, sai jan fure ko'ina. Akwai maganin feshinta?

Baba na Saminaka: Ɗana, ƙasarka ce ta gaji. Wuta-wuta ba ta cika samun sarari a gonar da ke cin taki ba. In da hali ka yi magana da Fulani su kwana maka da shanu a wurin da rani.

Malamin Gona, Maigana: Baba ya faɗi rabin maganin. Lokacin da ka ga furen nan ta riga ta gama aikinta, domin tun tana ƙarƙashin ƙasa take manne wa saiwar dawa tana zuƙe ta. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai, kuma irin yana iya zama a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Saboda haka bana ka tuge ta kafin furen ya zama iri, ka fitar da ita daga gonar ka ƙone, kada ka yar a kunya. Baɗi ka hutar da wurin daga dawa da masara da gero, ka sa waken soya, irin TGX 1448-2E in ka samu. Saiwarsa tana sa irin wuta-wutar ya tsiro, ya rasa abin kamawa ya mutu. In za ka dawo da masara ka nemi mai jure mata, kamar SAMMAZ 15. Shekara ɗaya ba ta raba ka da ita, kada wani ya ce maka haka.

Abban Hanifa, Ikara: Allah ya saka da alheri. Waken soya ma ai kasuwarsa ba laifi.

Maman Sadiq, Kudan: Tunda an taɓo wake, ina roƙon maza ku daina zuba fiya-fiya a buhun wake da masara. Mu muke dafawa, 'ya'yanmu ke ci. Ragowar irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, mai hana iska shiga, ya wadatar, in hatsin ya bushe sosai kuma an ɗaure kowace leda daban. A dai kiyaye shi daga ɓera, huji ɗaya ya ɓata aikin.

Mai Shagon Magani, Zariya: Hajiya ta yi gaskiya, ko da yake ni ke sayarwa. Kuma don Allah a daina busa bakin inji da baki in ya toshe, a daina ba yara robar magani suna zuba ruwan sha.

Manomin Citta, Kachiya: Ina biye da ku daga kudu. Mu tun annobar 2023 da ta ruɓar mana da citta a Kachiya da Kagarko da Jaba, babbar matsalarmu iri mai lafiya. Na canza gona, na ɗaga kunya don kada ruwa ya kwanta, amma irin ne abin tsoro. Wanda ya san inda cutar ba ta kai ba ya yi mini magana ta gefe.

Shugaban Zaure: Za mu buɗe wa citta nata zancen gobe in sha Allah, kada ta ɓace a nan. Baban Walida, ina labari?

Baban Walida, Giwa: Na samo emamektin ɗin. Jiya bayan la'asar muka yi, ni da kaina na bi yaran layi-layi. Da safen nan na buɗe zuciyoyi, yawanci sun mutu, amma a gefen rafi na samu manya suna motsi. Malam, in sake bi ta kansu yau ko in jira?

Malamin Gona, Maigana: Jira. Ba ranar yake gama aiki ba, wadda ta ci za ta daina ci kafin ta mutu. Ba shi kwana uku, sannan ka duba sabon ganyen da ke fitowa, shi zai nuna maka, tsohon hujin ba ya toshewa. Na gefen rafin ka sa yara su zaro su da tsinke. Kuma turo mini hoton ledar maganin gaba da baya in ga adadin da suka rubuta a zuba a tanki, naka mai lita 16 ne ko 20?

Baban Walida, Giwa: Mai 16 ne. Bari in isa gida in ɗauko ledar.