Masaukin mai keke a hanyar Passau zuwa Viyana

Ɗalibi a Bavariya:

Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina mun ƙudura yin hutunmu na watan Yuli a kan keke, daga Passau da ke bakin iyakar Jamus da Ostiriya zuwa Viyana, muna bin gaɓar kogin Danub. Tafiyar ta ɗan haura kilomita 300, kuma mun tsara kammala ta cikin kwana shida. Hanyar ba ta ba mu tsoro, domin shimfiɗaɗɗiya ce. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne masauki, saboda kusan kowane otal yana rubuta cewa yana maraba da masu keke, mu kuwa ba mu san yadda za mu tantance mai gaskiya ba. Muna roƙon waɗanda suka taɓa bin hanyar su faɗa mana abin da idonsu ya gani.

Dattijo mazaunin Linz:

Wa'alaikumus salam. Ɗana, na bi wannan hanya sau biyu, kuma abin da nake fara dubawa shi ne tambarin Bett+Bike, wanda ƙungiyar masu hawa keke ta Jamus, wato ADFC, take bai wa masaukan da suka cika sharuɗɗanta. Daga cikin sharuɗɗan akwai karɓar baƙo ko da kwana ɗaya zai yi, da ɗaki mai kulle na ajiye keke da dare ba tare da ƙarin kuɗi ba, da wurin busar da tufafi, da kayan gyara na ƙananan matsaloli kamar faci. Kada ka raina sharaɗin kwana ɗaya, domin a yankin Wachau, wato kwarin kogin da ke tsakanin garuruwan Melk da Krems, idan ƙarshen mako ya zo a tsakiyar lokacin baƙi, akwai gidajen da ba sa sauraron wanda zai kwana guda ya wuce.

Sai dai tambari ba ya gaya maka inda ɗakin keken yake. A tafiyata ta biyu na sauka a wani gida da ke da ɗakin ajiya mai tsabta da kulle mai kyau, amma a ƙarƙashin ƙasa, kuma sai an bi wata matsattsiyar matattakala mai kwana. Kekena mai batir ne, nauyinsa ya kai kilo 25, ga gwiwa ta tsufa. Da daddare na saukar da shi da ƙyar, da safe kuwa sai da wani matashi ɗan Holan ya kama mini muka fito da shi kamar masu ɗaukar buhun masara. Tun daga ranar, kafin in biya ko sisi, sai na rubuta na tambaya ko ana tura keke har cikin ɗakin ba tare da an ɗaga shi ba.

Ma'aikaciyar jinya a Stuttgart:

Baba ya yi gaskiya, amma ina so in ƙara batun mabuɗi, wanda shi ne ya ɓata mana rana guda cur. A watan Yuli zafin tsakar rana a bakin kogin ba wasa ba ne, gari kuma yana wayewa da wuri ƙwarai, saboda haka ni da ƙanwata muka saba kama hanya tun ƙarfe shida. A wani ƙaramin gidan saukar baƙi mun shirya tsaf, sai muka tarar an kulle ɗakin kekuna, mabuɗin kuma yana hannun maigidan, wanda ba ya saukowa sai lokacin karin kumallo. Haka muka zauna a kan jakunkunanmu kusan sa'o'i biyu muna kallon sanyin safiya yana wucewa. Ka tambaya ko mabuɗin ɗakin kwananku yana buɗe wurin ajiyar, idan kuwa ba ya buɗewa, ku daidaita tun da yamma.

Game da abinci, karin kumallo a waɗannan gidaje yawanci burodi ne da cuku da ƙwai da yankakken nama, kuma galibin naman na alade ne. Duk inda na sanar tun kafin zuwa, an ware mana namu ba tare da ɓacin fuska ba, wasu ma sun bari mun ƙunsa burodi da cuku don hanya. Ka tuna cewa kantuna a Ostiriya a rufe suke ranar Lahadi, in ban da ƴan kaɗan a manyan tashoshin jirgin ƙasa, saboda haka ka yi guzurinka ranar Asabar. A Linz akwai shagunan Turkawa masu sayar da halal, amma a ƙauyukan da ke tsakani kada ka sa rai.

Direba mazaunin Viyana:

Ni kuskurena na taswira ne, ɗan'uwa. Na kama ɗaki da aka rubuta cewa yana bakin kogi, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai a ɗaya gaɓar yake. Tsakanin Melk da Mautern, wanda ke daura da Krems, tazarar da ta haura kilomita 30, babu gada ko ɗaya. Jiragen fito ne kawai, irin na Spitz da Weissenkirchen da Dürnstein, su kuma da yamma suke tashi daga aiki. Na tsaya ɗaukar hoto a gonakin inabi har na makara, na iso mashigi na tarar da jirgin a ɗaure, ina hango masaukina a tsallake. Dole na ci gaba har gadar Mautern sannan na juyo baya ta ɗaya gefen cikin duhu, ga mai karɓar baƙi ya riga ya tashi, sai da na yi ta buga waya.

Haka nan ka yi hattara da masaukin da aka ce nisansa kilomita uku ne kacal daga hanya. A wannan kwari, barin bakin ruwa sau da yawa hawan tudu ne, kuma kilomita uku na hawa bayan wuni guda a kan sirdi, da kaya a baya, ya fi ashirin na safiya wahala. Ni a ganina gara ɗaki mai ɗan tsada a bakin hanya da mai araha a kan dutse.

Malama a Nantes:

A nan Faransa tambarin da ke yin wannan aiki sunansa Accueil Vélo, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗansa shi ne kada wurin ya wuce kilomita biyar daga hanyar keke. Da shi na yi amfani a gaɓar kogin Loire. Abin da zan ƙara shi ne caji: na haɗu da mai masaukin da ya hana a yi cajin batir a ɗakin kwana saboda tsoron gobara, alhali soket ɗaya ne a rumfar kekunan, mu kuma mu biyar ne.

Ɗalibi a Bavariya:

Allah ya saka muku da alheri. Mun soke ɗakin da muka kama a daren huɗu, domin da muka duba sai muka ga lallai a tsallake yake. Baba, ɗakunan duka shida kake kamawa tun daga gida, ko kana barin wasu sai ka ga yadda ƙafa ta yi?

Dattijo mazaunin Linz:

A watan Yuli ina kama su duka, amma waɗanda ake iya sokewa kyauta har zuwa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, domin ruwan sama ko cikar kogi na iya rushe lissafi. Na daren Wachau shi za ka fara kamawa, tun yau idan da hali. Ka gaida maiɗakin taka, kuma idan kun iso Linz ku neme ni, famfona na hura wa taya iska ya fi na kowane otal.