Kayan miya a bayan gidanmu, amma tumatirin leda muke ci

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Garinmu ƙarami ne, kuma fadama ce ta kewaye shi ta gabas. Daga sanyi ya shigo, duk yamma za ka ga an jera kwandunan tumatir da attaruhu da albasa a bakin titi, kafin asuba mota ta kwashe su ta yi Kudu. Mu da muke jin ƙarar injin ban ruwa daga tsakar gidajenmu, abin da ke zuwa teburin mai kayan miya a unguwa sai ragowar da 'yan sari suka ƙi. Rabin gidajenmu tumatirin leda ake zubawa a tukunya.

Mu 18 ne a ƙungiyarmu ta adashe. Bara muka ce bari mu riƙa saye kai tsaye daga lambu. Muka aika ƙanena wajen wani manomi, ya ce kayansa akwai mai su. Wani ya sayar mana da manyan kwanduna biyu, muka raba a gidana. Da muka kai ƙasan kwandon duk ya dame, ruwa na bin siminti, kafin kwana uku mata suna min waya wai nasu ya ruɓe. Daga nan maganar ta mutu. Bana ina so mu sake gwadawa. Ta ina za mu ɓullo wa abin?

Wani manomin rani:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Shekarata 20 da ɗoriya ina lambu, bari in gaya miki abin da wancan manomin bai gaya wa ƙanenki ba. Da ya ce "akwai mai su", bashi ne a kansa. Tun lokacin dashe dillali ya ba shi kuɗin taki da na man inji, da sharaɗin in kaya suka nuna shi zai ɗauka. Ko ba bashi, dillali yana zuwa da kuɗi a hannu, ya kwashe duka, mai kyau da mara kyau, a rana ɗaya. Tumatir ba gero ba ne da za a zuba a rumbu a jira kasuwa. In na tsinka yau ban sayar ba, jibi awaki ne za su ci.

Mutanen gari kuwa, ki yi haƙuri, mu muka san su. A zo a tsince manya-manyan, a nemi gyara, a ƙarshe a ce "rubuta, sai an yi albashi". Wa zai bar tsabar kuɗi ya kama wannan?

In kuna so manomi ya riƙe ku, ku zama masu zuwa kullum. Ku tsayar da rana ɗaya a mako, ku faɗi adadin da za ku ɗauka, ku biya nan take. Kuma kada ku ɓace a watan Fabrairu da kaya suka yi yawa har ana zubarwa, sannan ku dawo da tsada kuna cewa a duba zumunci. Wanda ya saya a hannuna lokacin da kasuwa ta faɗi, shi nake fara tunawa in ta tashi.

Wata mai sayar da abinci:
Yaya, babban kwandon ne ya cuce ku. An yi shi ne don lodin mota, na sama ya danne na ƙasa, tsinken kwandon kuma yana huda 'ya'yan. Ku sayi kiret na roba guda biyar ko shida, ku kai lambu a tsinka a zuba a ciki kai tsaye. Ku ce a haɗa muku da wanda bai gama nuna ba, mai ɗan ruwan ɗorawa, shi zai kai ku ƙarshen mako. A tsinka da sassafe, a raba kafin azahar, kuma kada a wanke sai za a dafa.

Wata malamar makaranta:
Ƙari a kan wannan: ku gwada tukunya cikin tukunya. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa ake sakawa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke bushewa ta jikin babbar shi ke janye zafi. A riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Da rani da hunturu take aiki sosai, da damina iska ta cika laima, ba ta yin sanyi kamar haka. Abin daɗin ma, maginiyar tukwanen garinku ita ma ta samu ciniki.

Sauran kuma ku yanka ku shanya kauɗa. Amma don Allah a kan tabarma ko buhu mai tsabta, a ɗaga daga ƙasa, ba a gefen titi ba inda ƙura da kaji ke bi.

Wani ɗan kasuwar gwari:
Ni dai na ji ana ta ɗora wa dillali laifi. Wa zai saye kwando 200 a garin da ke cin goma? In motar Legas ta daina zuwa, manoman nan gaba ɗaya sun durƙushe. Ku nemi kasonku kawai, kada ku ɗauka yaƙi ne. Sannan masu teburin unguwarku fa? Su ma 'yan gari ne, da wannan suke ciyar da iyali. Ku jawo biyu daga cikinsu, su riƙa ɗaukowa suna rabawa, ku ba su la'adarsu. Sun fi ƙanenki sanin kaya, kuma sun san manomin da ba ya cusa ruɓaɓɓe a ƙasa.

Wata dattijuwa:
'Yata, ni abin da ke ba ni mamaki da yaran yanzu, komai sai jar miya. A 2016 da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, mutane suka rasa inda za su sa kansu, kamar ba a taɓa miya ba sai da shi. Daga zafi ya tsananta zuwa tsakiyar damina tumatir tsada yake yi kowace shekara. To lokacin ne kuma rama da yakuwa da tafasa da zogale da ɗanyar kuɓewa suke cika gari, kuma mata ne da yara ke kawo su a faranti har ƙofar gida. Ku sa su a lissafinku. Daddawa ma ku saya wajen mai yin ta a garinku.

Wani malamin gona:
Abu ɗaya kar ku manta. Tunda za ku san manomin ido da ido, ku tambaye shi yaushe ya yi feshin ƙarshe. A jikin kowace kwalbar maganin ƙwari an rubuta kwanakin da za a jira kafin a tsinka, da yawa ba sa kiyayewa saboda sauri. Ku sa wannan cikin sharaɗi tun farko, musamman ga latas da kabeji da ake ci ɗanye.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba manomi, maganarka ta shige ni, don ni ma na taɓa cewa a rubuta. Tambaya ɗaya: in muka ware zubi ɗaya na adashe muka ba manomi tun lokacin dashe, kamar yadda dillali ke yi, ya halatta?

Wani malami:
Ya halatta, malama, shi ne cinikin salam. A hadisin Ibn Abbas da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an sharɗanta sanannen awo da sanannen lokaci. Ku biya kuɗin gaba ɗaya, ku rubuta irin kayan da adadin kiret da ranar kawowa, da shaidu. Kada ku ɗaure shi da cewa sai amfanin wannan lambun kaɗai, don tsutsa na iya cinye shi.

Wani manomin rani:
To in haka ne ku hanzarta, Hajiya. Daga ruwa ya ɗauke ake zuba iri a bedi, kuma a lokacin manomi ke neman kuɗi. Ku fara da mutum biyu, kar ku zuba duka a hannun ɗaya. Ki sa mai unguwa ya zauna a wurin ranar da za a rubuta.