Tikin fanir ɗina yana wargajewa a cikin mai, dan Allah a taimaka

Maman Auta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman wadda ta iya wannan abin ƙwalaman na 'yan Indiya da suke yi da cukunsu fanir da dankalin turawa da kayan lambu, a mulmula a ɗan danne shi da tafin hannu a soya, wasu su ce tiki wasu su ce katlet. Ni dai na fara cinsa ne lokacin da na raka surukata jinya Delhi, a ƙasan masaukinmu akwai wani mai tebur da ƙaton farantin ƙarfe da suke kira tawa, kullum da la'asar zai jera su a gefe gefe suna gasuwa a hankali, in ka zo ya turo naka tsakiya inda mai yake, wallahi waje ƙamas ƙamas ciki laushi. Tun da na dawo nake ba yara labari har suka matsa sai na yi musu, to sau uku kenan ina gwadawa ina jin kunya.

Ga yadda nake yi. Madara lita biyu na tafasa na matsa lemon tsami ta tsinke, na tace a ƙyalle na juye a kwano. Na yanka dankali na dafa, na dafa karas da fis, na yanka albasa, na haɗa duka a bilenda don ya yi sumul, na sa gishiri da haɗin kayan yajinsu garam masala na mulmula. Ina jefawa a mai sai ya watse kamar an jefa yashi a ruwa, man ma ya lalace. Na uku na fasa ƙwai biyu a ciki ko zai kama, bai watse sosai ba amma ya sha mai ya yi nauyi, autana ya ci rabi ya tura min faranti. Ina kuskuren yake ne jama'a?

Ɗalibar Pune:

Wa alaikumussalam Anti. Kai Anti ina karantawa ina dariya, ba dariyar ki ba, nima haka na yi shekarar farko da na zo karatu nan garin Pune a Indiya har matar da nake haya a gidanta ta leƙo kicin ta kama baki. Matsalarki ɗaya ce ta fito ta ƙofa huɗu, ruwa ne. Fanir ɗinki da ruwa, dankalinki da ruwa, kayan lambu da ruwa, albasa kuma tana jin gishiri ita ma ta saki nata, to ruwa da mai mai zafi kin san ba sa ga maciji, tururin da ke neman hanyar fita shi ke farfasa miki abin.

Mu fara da fanir ɗin. Abin da kika juye a kwano bayan tata bai zama fanir ba tukuna, shi ne suke kira cena, wanda mutanen Bengal ke yin kayan zaƙi da shi irin su rasgulla da sandesh. Sai kin ɗaure ƙyallen kin ɗauraye da ruwan sanyi don tsamin lemon ya fita, ki matse da hannu, ki rataye shi ya ɗiga kamar minti 20, sannan ki ɗora masa nauyi, tukunya cike da ruwa ta isa, awa ɗaya ko ma fiye. In ya fito curi guda yana yankuwa da wuƙa to yanzu ne kika yi fanir. Lita ɗaya ta madara mai cikakken maiƙo tana ba da giram 150 zuwa 200 ne, kenan lita biyunki ta kusa isar yin tiki har sau biyu.

Dankali kuma kar ki yanka, ki dafa shi da ɓawonsa ɗungurungum, in ya nuna ki tsame ki bar shi ya huce gaba ɗaya, matar gidanmu ma tun dare take dafawa ta sa a firij sai washegari. Ki ɓare ki goga a gireta. Bilendar nan dan Allah Anti a ba ta hutu, ita ke fasa sitacin dankali ya koma danƙo yana yauƙi, ba abin da zai gyara shi bayan nan. Karas ki goga shi ɗanye, fis ki ɗan turara ki murƙushe da cokali mai yatsu, sai ki zuba su a kasko da mai cokali ɗaya tare da albasar da kumin wanda su suke ce wa jira da ɗanyar citta da koren barkono, ki ta juyawa har sai kin ga kaskon ya bushe babu ruwa ko ɗigo, shi ma ya huce kafin ya haɗu da sauran.

Ma'aunin da nake yi, fanir giram 200 a goge ko a marmashe, dankali matsakaita 2, karas rabin kofi, fis rabin kofi, garin busasshen burodi cokali 3, konfulawa cokali 2, ganyen koriyanda, garam masala rabin ƙaramin cokali, gishiri kuma sai a ƙarshe dab da za ki mulmula. Yana ba ni guda 10 zuwa 12. Ki cakuɗa da hannu sama sama kar ki ta murza shi, in kin dunƙula ya tsaya bai manne a tafin hannu ba to ya yi, in yana mannewa ki ƙara garin burodi. Bayan kin yi musu fasali ki jera a tire ki sa a firij minti 30, wannan sanyin kar ki tsallake shi ko da yara na kuka.

Suyar kuma kin ma faɗa da bakinki, mutumin Delhi a tawa yake yi ba a cikin tukunyar mai ba. Mai kaɗan a kasko, wuta matsakaiciya, ki ajiye ki ƙyale shi minti 3 zuwa 4 kar ki taɓa, sai ƙasan ya yi ja ya kama jikinsa sannan ki juya sau ɗaya tak. Yawan juyin nan na rashin haƙuri ma yana karya shi.

Baban Biyu:

Salam. A yi haƙuri na shigo zauren mata, ni ke shiga kicin ranar Asabar a gidanmu kuma harkar sarrafa abinci na karanta. Ƙanwarmu ta Pune ta gama magana, ƙari kawai zan yi akan madarar don can ma ana samun matsala. Hajiya in madarar ta tafasa ki kashe wuta ki bari ta ɗan sauka kamar minti biyu uku, wajen digiri 80 ake so, sannan ki riƙa zuba lemon ko khal kaɗan kaɗan kina juyawa a hankali, da kin ga ruwan ya ware ya yi ɗan kore kore to ki tsaya. Cokali 2 zuwa 3 ya kan ishi lita ɗaya. In tsami ya yi yawa ko kika ci gaba da tafasawa bayan ta tsinke sai ya fito da tauri kamar roba. Sannan madarar kwali mai daɗewa wadda aka rubuta UHT a jikinta ba ta cika dunƙulewa da kyau ba saboda zafin da aka ba ta a masana'anta, sai ta yi tsaki tsaki ƙanana. Ta gari mai cikakken maiƙo in an dama ta da kauri tana yi.

Wani abin da zai kwantar miki da hankali, fanir ba ya narkewa a wuta, don haka ba shi ya narke miki a mai ba. Cukun da ake sa wa fiza da wani sinadari ake daskarar da shi mai suna renet wanda asali daga tumbin ɗan maraƙi ake samunsa, shi kuwa fanir zafi ne da tsami kawai, shi ya sa masu ƙin cin nama a Indiya suka rungume shi, shi ne naman nasu a taƙaice. Kuma nasu ya kan fi maiƙo don da yawa da nonon ɓauna ake yi, wanda kitsensa ya kai kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari, na saniya kuwa wajen 4 ne, to in naki bai kai na Delhi santsi a baki ba kar ki zargi hannunki.

Ba zan tafi ban faɗi wannan ba, fis da yarensu sunansa matar. Ranar da na ce wa uwargida yau zan kawo matar fanir sai da ta ajiye abin da ke hannunta ta ce matar wa??

Hajiya Babba:

Hhhh Baban Biyu Allah ya shirya ka. Maman Auta 'yata, ni maganar ƙwan nan ce ta tsaya min. Ba wai haramun ba ne ki sa, gidanki ne, amma in irin na can kike nema to babu ƙwai a ciki, don su yawancin masu ƙin naman nan ƙwai ma ba sa ci, madara da man shanu ne dai suke sha. Shi ya sa in kin lura a kayan kantinsu akwai ɗigo kore a cikin ɗan murabba'i, alamar babu nama babu ƙwai kenan. Abin da suke yi maimakon ƙwai, konfulawa cokali 2 a dama da ruwa tsararo tsararo, a tsoma tikin a ciki a fito da shi a birkiɗa a garin burodi, shi ke ba da ɓawon nan mai ƙaras ƙaras irin katlet ɗin da ake rabawa da burodi a jirgin ƙasansu da safe. Ƙwai a cikin haɗin kuwa ƙarin ruwa ne kika yi shi ya sa ya sha mai.

Inda na ɗan saɓa da 'yar Pune shi ne garin burodi a cikin haɗin, ni na fi son besan, garin wakensu cana, a ɗan soya shi a busasshen kasko sai ya yi ƙamshi sannan a zuba cokali 2, yana tsotse ruwa kuma yana ƙara ɗanɗano, amma fa sai an soya in ba haka ba ɗanyen wari zai yi. Da shi ake yin wanda suke kira hara bara kabab, kore shar saboda ganyen falak, wato irin alayyahunsu, da fis, jikokina da ba sa cin ganye ko da bulala shi suna wawaso akai, na ce musu tikin 'yan ƙwallo ne. In za ki sa ganye ki zuba a tafasasshen ruwa minti ɗaya ki tsame ki matse shi tamau kamar kina matse wanki.

Kuma tiki babu abin dangwale ai rabin aiki ne. Ki niƙa na'a-na'a da ganyen koriyanda da koren barkono ɗaya da lemon da gishiri, nan ne bilendarki za ta yi amfani. Na yara kuma tsamiya da mazarƙwaila a dafa har ya yi kauri a sa kumin soyayye. Ɗan tsamin nan da kika ji a na Delhi ina kyautata zaton cat masala ne ya barbaɗa, akwai garin busasshen ɗanyen mangwaro da baƙin gishiri a cikinsa, in babu ki matsa lemon a kai yana zafi.

Ɗalibar Pune:

Mama Hajiya na karɓi gyara, besan ɗin ya fi gaskiya, lalaci ne ke sa ni ɗaukar garin burodi. Na manta ban faɗa ba Anti, ruwan da ya rage bayan tata kar ki zubar, a nan da shi suke kwaɓa fulawar gurasarsu capati, ko a ajiye a firij a tsinka madarar gaba da shi. Akwai ma wata ƙawata mai bin addinin Jain, su ba sa cin duk abin da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, ba dankali ba albasa ba tafarnuwa ba karas, da dafaffiyar ɗanyar ayaba take yin nata kuma wallahi ya fi na dankali riƙe jikinsa.

Maman Auta:

Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alkhairi ya bar zumunci. Jiya na yi yadda kuka ce, na danne fanir ɗin awa ɗaya da rabi, dankalin ya kwana a firij, besan ban da shi sai na yi da garin burodi. Guda 11 suka fito, ɗaya ne kawai ya tsage shi ma ni na yi gaggawar juyawa, na cinye shi a tsaye a bakin murhu kafin kowa ya gani. Autan da ya tura min faranti huɗu ya ci yana cewa a sa masa a kwanon makaranta. To tambayata in na yi da yawa zan iya sawa a firiza? Kafin suya ko bayan suya?

Hajiya Babba:

Kafin suya 'yata. Ki jera su a tire kar su taɓa juna sai sun daskare sannan ki kwashe ki zuba a leda, in ba haka ba za su manne su zama dutse ɗaya. In za ki soya kar ki jira su saki, daga firiza sai kasko, ki rage wuta ki ƙara musu minti biyu kowane gefe don cikin ya ɗau zafi. Na makaranta kuma ki bari ya huce kafin ki rufe kwanon, in kin rufe da zafi gumi zai jiƙa ɓawon ya dawo miki da shi gida.