Neman shawara kan auna karkatar sandar walda yayin aiki

Assalamu alaikum. Ina haɗa wata ƙaramar na'ura da za ta riƙa nuna wa masu koyon walda yadda suke karkatar da sanda, domin karkata mai yawa tana rage zurfin narkewar ƙarfe a wurin haɗi. Na ɗaure MPU-9250, wani ɗan guntun na'ura mai auna karkata da juyawa da kuma gane arewa, a jikin mariƙin sandar, na jona shi da ƙaramar kwamfutar Arduino, kuma awon yana fita daidai muddin ba a fara walda ba.

Da zarar wuta ta kama, da sanda E6013 mai kaurin milimita 3.2 a kan amfiya 110, maganaɗisun da ke kewaye kebul yana rikita ɓangaren da ke gane arewa, har allo ya nuna hannu ya juya alhali ko motsi bai yi ba. Idan na kashe wannan ɓangaren, awon karkata yana ci gaba da fita daidai, tunda ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ƙasa yana gyara shi, amma awon juyawa hagu da dama yana zamewa a hankali tun kafin sanda ɗaya ta cinye.

Don Allah, akwai hanyar hana wannan zamewar ba tare da kyamara ba? Ko kuwa ya wadatar a riƙa saita sifili a kan layin haɗin duk lokacin da aka sauya sanda?