Ta yaya zan kai mahaifiyata Umra alhali tana shan mofin?

Assalamu alaikum. Daga Jos nake. Mahaifiyata na fama da kansar mama da ta bazu zuwa ƙashin baya da hanta. Likitoci sun ce an wuce batun warkewa, sai rage raɗaɗi, suka ɗora ta a kan mofin na ruwa, wani magani mai ƙarfi na kashe raɗaɗi, duk bayan awa 4. Hankalinta garau, tana sallah a zaune, kuma ba ta da wani buri sai ta ga Ka'aba. Kuɗin adashenta na nan ƙulle a ɗankwali ƙarƙashin katifa.

Fasfo ya fito, keken marasa lafiya ma mun saya. Maganin ne ya tsayar da mu. Saudiyya ba ta wasa da shigar da irin wannan magani, ejan ɗin da na samu a Abuja kuwa cewa ya yi in ɓoye kwalbar cikin kaya. Ba zan yi ba. Mun gwada wani magani mai sauƙi, kafin dare ta kasa ko juyawa, tana hawaye. Takardar da aka ba mu a asibiti ba hatimi, ba adadin da take sha.

Don Allah, waɗanne takardu ake buƙata kafin a shiga Jidda da mofin bisa doka?