Furen String of Hearts ɗina yana ruɓewa, ina neman shawara

Uwar gida daga Agege: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ba ni kyautar wata shuka mai rataye, String of Hearts, irin mai ratsin fari da ruwan hoda a gefen ganye. Tana baranda cikin tukunyar roba, ina ba ta ruwa bayan kwana biyu. Yanzu ganyen gindin ya yi rawaya yana zuba, karan ya yi laushi. Sababbin ganyen kuma kore zalla suke fitowa. Daga ina shukar nan take, kuma me zan yi?

Mai renon furanni, Idi-Araba: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ruwa ne ya yi mata yawa. Sunanta na kimiyya Ceropegia woodii, asalinta Afirka ta Kudu, Eswatini da Zimbabwe. A 1881 John Medley Wood, wanda daga baya ya zama mai kula da lambun tsirrai na birnin Durban, ya gan ta tana reto a jikin duwatsu a yankin Natal na Afirka ta Kudu, shi ya sa aka liƙa mata sunansa. Dangi ɗaya suke da tumfafiya da yaɗiya, kin ga kuwa ba 'yar fadama ba ce. Tana ajiye ruwa a ganye da wani ƙululu mai kama da ƙaramin dankali a cikin ƙasa. Ga laimar Legas, ga tukunyar roba da ba ta numfashi, ga ruwa bayan kwana biyu, dole saiwa ta ruɓe.

Ki zare ta yau. Duk ƙululun da ya yi laushi ko yake wari ki yanke shi da reza mai tsabta, ki bar sauran su sha iska a inuwa kwana ɗaya. Ki samo tukunyar ƙasa mai huji, faɗin santimita 10 zuwa 12, kada ta wuce haka, don babbar tukunya tana riƙe danshi. Haɗin ƙasa: kashi 2 yashi mai tsakuwa, kashi 1 ƙasar shuka, da ɗan dakakken gawayi. Yashin bakin teku akwai gishiri, ki guje shi. Bayan dashe ki yi mako guda ba ruwa.

Malamin gona, Obalende: Na yarda da Malam. Ƙari kan ban ruwa, Hajiya, ki daina ƙirga kwana. Ki soka tsinken tsire har ƙasan tukunya, in ya fito a bushe sannan ki zuba har ya tsiyaye ta hujin. Da damina, musamman Yuni da Yuli, yakan kai mako 2 zuwa 3, kuma ki janye ta daga inda feshin ruwan sama ke kaiwa.

Koren ganyen nan kuwa ƙarancin haske ne. Farin ratsin ba ya sarrafa abinci, shi ya sa wannan nau'in yake da jinkirin girma da tsada. Ki rataye ta inda hantsi ke taɓa ta awa 2 ko 3, ban da ranar tsaka. Reshen da ya koma kore zalla ki datse shi, in ba haka ba zai rinjayi masu ratsin.

Wata 'yar'uwa, Mile 12: Kada ki zubar da rassan da suka tsira. Ki duba gaɓoɓin, za ki ga 'yan ƙwallaye kamar carbi. Ki kwantar da reshen a kan ƙasa, ki danne gaɓar da fil ɗin gashi, cikin 'yan makonni za ta yi saiwa. In kin ga farin abu kamar auduga a hammatar ganye, ƙwaro ne mai tsotsa, ki goge shi da auduga da sifirit.