Tsarin shafi ne ke jan wasa, ko mai jan wasa? Muhawarar 'yan fadarmu

Lawali: Salamu alaikum 'yan fada. Ga maganata kuma ina kanta: a wasan labari na kan tebur irin Dungeons & Dragons, inda mutum ɗaya, mai jan wasa, ke ba da labari daga littafin kasada, sauran 'yan wasa kuma kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, yadda aka tsara shafukan littafin kasada ya fi daɗin labarin tasiri. In sai mai jan wasa ya buɗe shafi uku kafin ya san abin da ke cikin ɗaki guda, wasa ya mutu.

Mutari: Wa alaikumus salam. Yaya Lawali, ban yarda ba. Tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan nan ake jansa, kuma littattafan farko rubutu ne cunkus. Wanda ya karanta tun da dare, ya fitar da abin da yake so a littafin rubutunsa, ina ruwansa da tsari?

Lawali: Ai ka ba ni gaskiya. In sai ka sake kwafe littafi da hannunka kafin ya jawu, aikin mawallafi ka yi masa kyauta. Na da ɗin ma sun san haka. Littattafan kasada na kamfanin TSR, mai wallafa wasan a lokacin, na ƙarshen shekarun 1970, bangonsu ba a manne yake da shafuka ba, kuma a cikinsa aka buga taswira. Ka zare bangon ka kafa gabanka, ido ɗaya kan taswira, ɗaya kan bayanin ɗaki. Yau sai ka ga taswira a shafi na 60, bayaninta a na 14.

Hadiza: Ni abin da ya fi damuna shi ne rubutun cikin akwati, wanda aka ce a karanta wa 'yan wasa da ƙarfi. Da Faransanci ko Turanci yake zuwa, mu kuwa da Hausa muke wasa. Ranar da na ja wa ƙawayena a Birni, akwai ɗakin da bayaninsa ya cika rabin shafi: labule, ƙura, warin kyandir, tarihin mai gidan. Ina juyawa Hausa layi-layi, sai a jimlar ƙarshe na tarar ashe dodo na tsaye a tsakiyar ɗakin tun shigarsu. Kafin nan wata ta riga ta ce ta nufi akwatin dukiya. Da an sa dodon a layin farko da baƙaƙe masu kauri, da shi zan fara.

Malam Isufu: Hadiza ƙanwata, wannan laifin marubucin ne, ba na akwatin ba. Ku tuna da sabon hannu. Yaron da bai taɓa ja ba, ka ba shi abubuwa huɗu, "rijiya, ƙashi, ƙofar ƙarfe, sanyi", ka ce ya gina ɗaki da su, bakinsa zai mutu. Akwatin ne ke koya masa yadda ake siffanta wuri. Da jimla biyu ko uku ma ya wadatar.

Lawali: Jimla uku na yarda, Malam. Amma ku duba littafin dokokin wasa Old-School Essentials na Gavin Norman da ya fito a 2019: kowane batu an kammala shi a shafuka biyu masu kallon juna. Ɗan wasa ya jefa ɗan lido mai fuska 20, ka kai ido, ka ba shi amsa kafin shayi ya huce.

Mutari: A takarda ke nan. Mu nawa ke da littafin a nan Damagaram? PDF ne a waya. Shafuka biyun naka a waya guda-guda suke fitowa, shafin da aka raba rubutunsa gida biyu kuma sai ka yi ta ja da yatsa sama da ƙasa.

Hadiza: Shi ya sa taswira kawai nake kaiwa a buga mini a Sabon Gari, in rubuta tarko da dodanni a kanta da jan biro. Sauran ya zauna a waya.

Mutari: To ga shi, shiri ne ya cece ki.

Hadiza: A'a Mutari, shirin ya ci mini yammaci guda saboda littafin ne. Kasadar da aka tsara a shafi ɗaya, taswira a tsakiya, bayanin kowane ɗaki a gefensa, karatu ɗaya nake yi mata in zauna in ja.

Malam Isufu: Irin waɗannan kuma ba sa gaya miki dalilin da ya sa, a misali, sarkin kogo ke gaba da mutanen gari. In 'yan wasa suka ce sulhu za su yi da shi maimakon faɗa, daga ina za ki ɗauko amsarsa?